Kishiyar Legas Da Aka Manta: Tarihin Layin Dogon Minna Zuwa Baro

Akwai wani dattijo Banufe da muke haɗuwa da shi a teburin mai shayi a Agege, ba nisa da gadar Pen Cinema. Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge, sai in ya zo ƙirga canji ne harshen gida ke kuɓuce masa. Ran nan da safe jirgin Ibadan ya wuce, sabon nan mai na'urar sanyi, sai wani matashi direban tirela da ke zaune tare da mu ya ja tsaki ya ce shi abin da ke ba shi haushi, tun zamanin Turawa komai na Arewa sai an jawo shi Legas. Dattijon ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, ba haka aka faro ba. Layin da ya fara shiga Kano ba daga Ikko ya taso ba, daga garinmu ya taso." Direban ya ce, "Baba, wane gari ke nan?" Ya ce, "Baro." Duk teburin aka yi shiru. Mai shayin ne kaɗai ya ce ya taɓa jin sunan a rediyo, lokacin da aka ce shugaban ƙasa ya je buɗe tashar jirgin ruwa.

Dattijon bai yi ƙari ba. Baro ƙaramin gari ne a gaɓar kogin Kwara, a ƙasar Nufe, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja ta yanzu. In ka buɗe tsohuwar taswirar reluwe za ka ga wani zare ya ɓalle daga Minna ya yi kudu, ya bi ta Kataeregi da Badeggi da Katcha, ya je ya tsaya cik a bakin ruwa. Tsawonsa mil 111, wajen kilomita 179 ke nan. A takarda sunansa reshe, kamar na Kaura Namoda ko na Nguru. Amma waɗancan tun ranar da aka zana su rassa ne, shi kuwa wannan da shi aka fara, shi ne kan layin da aka shimfiɗa zuwa Kano. Yadda aka yi kai ya koma wutsiya shi ne abin da nake son warwarewa, domin duk Bahaushen da ke neman abinci a Agege ko Mile 12 ko Apapa yana cikin labarin nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai mun koma lokacin da babu Nijeriya guda. A farkon ƙarni na 20 gwamnatoci daban-daban Turawan Ingila suke da su a nan, kowace da gwamnanta da baitulmalinta, kuma sau da yawa ba sa ga maciji da juna. Ta Legas ta riga kowa: a 1896 ta fara shimfiɗa layi daga nan Ebute Metta, ya isa Ibadan a 1901, shekarar da aka buɗe gadar Carter wadda ta haɗa Iddo da tsibirin Legas. A Arewa kuwa Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900, daga baya ya kai hedikwatarsa Zungeru, ya ci Kano da Sakkwato a 1903. Ƙasa ga ta nan makekiya, aljihu kuwa wayam. Kuɗin gwamnatin mulkin mallaka a lokacin daga kwastan yake fitowa, shi kuwa kwastan a bakin teku ake karɓarsa, kuma kaso mai tsoka a cikinsa na barasar da ake shigowa da ita ne, wadda aka hana kai ta Arewa. Saboda haka kowace shekara sai Landan ta cike wa Arewa giɓi, Kudu ma ta tsakura mata wani abu.

Mai ƙaramin ƙarfi shi ke neman gajeriyar hanya. A lissafin Lugga, Allah ya riga ya shimfiɗa hanya kyauta tun daga teku har tsakiyar ƙasa, wato Kwara. Me zai sa a kashe kuɗi a ratsa dazuzzukan ƙasar Yarbawa? A nemo wuri mafi nisa da jirgin ruwa zai iya kaiwa, a ɗora layi daga nan zuwa Zariya da Kano, shi ke nan. Ya ma gwada abin a ƙarami: a 1901 aka fara jan wani ɗan siririn layi daga Zungeru, wanda a 1902 ya kai Barijuko a bakin kogin Kaduna, don kwaso kayan gwamnati daga inda jiragen ruwa ke tsayawa. Su kuwa mutanen Legas, musamman Walter Egerton da ya zama gwamna a 1904, sun san layin da ya ƙare a Ibadan ko Oshogbo ba zai taɓa biyan bashin da aka ci don gina shi ba. Dole ya tsallaka Kwara ya je inda jama'a da kaya suke. A bayan duk wasiƙun da ake aika wa Landan cike da lissafin injiniyoyi, tambayar guda ce: wa zai ci kuɗin dakon Arewa?

Ita Landan kuwa auduga take gani. Masaƙun yankin Lancashire na Ingila sun dogara da audugar Amurka, suna fargabar ranar da za ta yanke ko ta yi tsada, har suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a 1902. Labarin da ke isa kunnensu shi ne ƙasar Kano da Zazzau ta shekara ɗaruruwa tana noma auduga tana saƙa tana rini, abin da ya rage kawai a kai mata jirgi. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ma'aikatar ƙasashen mallaka, yana cikin masu kururuta wannan fata.

A 1907 aka turo Percy Girouard ya gaji Lugga. Ba a zaɓe shi don ya san Arewa ba, an zaɓe shi ne don sana'arsa ke nan: injiniyan soja ne ɗan Kanada, shi ya ja wa rundunar kwamandan Ingila Kitchener layin dogo ta cikin hamadar Sudan, sannan ya riƙe jiragen ƙasa a yaƙin Afirka ta Kudu. Ya zo ya duba ya goyi bayan Baro. Landan kuma ta yi irin hukuncin uban da 'ya'yansa biyu ke faɗa a kan abu guda, ta ce kowa ya yi nasa: Arewa ta ja layi daga Baro zuwa Kano, Legas ta ci gaba da nata ta Ilori da Jebba har ya je ya tarar da na Arewa. Da yake Arewa ba ta da abin jingina, nauyin bashin a wuyan baitulmalin Kudu ya faɗa. Wato Legas ce ta biya sadakin kishiyarta.

A nan Girouard ya yanke wata shawara da ta zo ta yi wa Baro illa daga baya, ko da yake a wurina ita ce daidai. Lugga ya fi karkata ga siririn layi mai araha. Girouard ya ce a'a, a yi shi da faɗin ƙafa 3 da inci 6, daidai da na Legas. Da faɗin ya bambanta, da duk kayan da za su bi ta Legas sai an sauke su an sake lodi a mahaɗa, da Baro ta samu abin kāriya. Da ya zama ɗaya, taragon da aka cika a Kano zai iya miƙewa har Iddo ba tare da an taɓa buhu ko ɗaya ba.

Aikin kansa ya cancanci a tsaya a kansa, don mu a kanmu aka yi shi. Kowane ƙarfe, kowane ƙusa, kowane kan jirgi, ta ruwa aka kawo shi daga Ingila, kuma manyan jirage ba sa iya hawowa Baro sai a 'yan watannin da kogi ya cika ya batse, wajen Agusta zuwa Oktoba. In kayan shekara ba su iso a wannan taƙin ba, sai a jira baɗi. Ba ɗan kwangila aka ba ba, ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin Arewa ce ta yi da kanta a ƙarƙashin John Eaglesome, kuma an yi ta yabon arahar aikin idan aka kwatanta da na Legas. Amma ina arahar ta fito? Razdan ya faɗa wa sarki yana son mutum kaza, sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya shiga gari. Nufawa aka fara kwasa, sai Gwarawa, sai mutanen Zazzau, sai Kanawa, kowa in layi ya shigo ƙasarsa. A yi makonni ana sara da diga ana jidar ƙasa a ka, a sallami wannan rukuni a kawo wani. Ana biyansu, gaskiya ne, amma ba a tambayar mutum ko yana so, ko da kuwa gonarsa na jiran noma. An samu ƙauyukan da suka watse suka shiga duwatsu don gudun wannan kamu. Har kalmar diga ta tashi daga sunan abin haƙa ta zama sunan aikin da hanyar baki ɗaya, kuma Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda layin ya ratsa ƙasarsa yana kan gado, ya bar mana Waƙar Diga a kan abin da idonsa ya gani.

Biyan ma da manufa a cikinsa. Da tsabar Turawa ake sallamar lebura, sule da kwabo da anini mai huji, a lokacin da kasuwa ta saba da wuri. Mutum ya koma gida da ƙarfe a aljihu, gobe mai karɓar haraji ya ce shi ƙarfen yake so. Haka sabon kuɗi ya bi layin dogo ya shiga ƙauyuka.

A ƙarshen Maris 1911 ƙarfe ya taɓa Kano, zamanin Sarki Abbas, mil 356 daga Baro. A 1912 aka buɗe wa 'yan kasuwa. Sai kuma abin da Lancashire ba ta zata ba ya faru. Audugar da aka yi wa wannan wahala ba ta zo ba, domin masaƙan Kano na gida suna saye da farashin da ya fi na Bature, manomi kuwa ba mahaukaci ba ne. Abin da ya cika tasha gyaɗa ce. A Turai an gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi man shafa wa burodi da sabulu, farashin gyaɗa ya tashi. Ga shi ƙasar Kano jigawa ce da gyaɗa ke so, ga shi in shekara ta yi muni ana iya cin ta, ba kamar auduga ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Tsofaffin fataken goro, waɗanda ke da jari da yara a kowane ƙauye, su suka zama masu saye, daga cikinsu Alhassan Ɗantata ya yi fice daga baya. Gyaɗar da aka fitar daga ƙasar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000.

To, yanzu ka ɗauka kai ne mai taragon gyaɗa, ka taso daga Kano ka wuce Zariya ka iso Minna. Tun 1912 layin Legas ya riga ya iso nan ta Jebba da Zungeru, don haka hanya ta rabu biyu a gabanka. In ka bi ta Baro, kilomita 179 ka ga ruwa. In ka bi ta Legas, fiye da kilomita 700 ke gabanka. Kowane yaro zai ce maka Baro. Kuma a wancan lokacin yaron bai yi wauta ba, don ita ma hanyar Legas gurguwa ce ta wuri biyu. A Jebba babu cikakkiyar gada, sai a tura taragu cikin jirgin fito kaɗan-kaɗan a tsallaka da su. A Legas kuma yashi ya tokare bakin mashigi, babban jirgin teku ba ya iya shigowa. Yawancin kayan Legas a Forcados ake juye su daga manyan jirage zuwa ƙanana, can yankin bakin Kwara inda kayan Baro ke sauka. Wato a 1911 Legas ɗin da muke ganin ta gagara, a ƙofar kishiyarta take karɓar saƙo.

Cikin shekara biyar komai ya juye. Farko dai aka kashe gasar daga sama. Layukan biyu sun fara karya wa juna farashi, gwamnati na gasa da gwamnati da kuɗin bashi ɗaya, abin ya ishi Landan. Aka dawo da Lugga a 1912 ya riƙe Kudu da Arewa duka, a watan Oktoban shekarar aka haɗe layukan suka zama reluwe ɗaya mai hedikwata a Ebute Metta. Shi kansa Lugga ya lissafa wannan rikici na jiragen ƙasa cikin dalilan haɗe ƙasar a 1914. Mu da muke yawan muhawara a kan wa ya haɗa mu kuma don me, ya kamata mu riƙa tunawa cewa ƙarfe aka fara ɗaura wa aure, mutane daga baya suka biyo. Daga ranar da hukuma ɗaya ke rubuta farashi, kuma kuɗinta a kan tsawon tafiya yake, wane dalili zai sa ta miƙa kaya ga jirgin ruwan wani kamfani bayan kilomita 179 alhali tana iya riƙe su har teku?

Sannan aka gyara gurguntakar Legas. Tun kafin layi ya isa Kano ake ta jibge duwatsu a bakin mashigi ana gina katangu biyu cikin teku don ruwa ya riƙa share yashin da kansa, duwatsun ma jirgin ƙasa ne ke jido su daga Aro kusa da Abeokuta. A farkon 1914 babban jirgin teku ya shigo har ciki. A 1916 jirgi ya fara bi ta kan gadar Jebba, aka huta da fito. A 1926 aka gama matsayar jirage ta Apapa, layi ya shiga har gefen ruwa, tarago ya tsaya a gindin jirgin teku.

Ita kuwa Baro gurguntakarta ba ta gyaruwa da dutse ko siminti, don ta kogi ce. Gyaɗa da kaka ake cire ta, ciniki ya kankama a cikin ɗari, daidai lokacin da cikar kogi ta wuce. Ƙananan jirage masu jan kwale-kwalen ƙarfe suna iya lallaɓawa na wasu watanni, amma da bazara ta matso tsibiran yashi sai su fito ko'ina. Kayan da suka makara sai su zauna a sito har ruwa ya dawo, kuɗin mai su a ɗaure, ƙwari na ci. Ga sauke-ɗauke: a sauke daga tarago a Baro, a loda a jirgin kogi, a yi tafiyar wajen kilomita 600, a sake saukewa a Burutu ko Warri, a sake lodawa a jirgin teku. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan lodi ya san kowace saukewa da buhun da zai fashe da wanda zai yi ƙafa. Ƙari a kan haka, yawancin jiragen kogin na Kamfanin Neja ne, wanda ya rikiɗe ya shiga UAC daga baya. Ɗan kasuwar da ke gasa da kamfanin a kasuwar Kano ba zai so ya ɗora kayansa a jirgin abokin hamayyarsa ba.

Amma a ganina babban abin da ya kayar da Baro ba a rubuce yake a littafin kwastan ba. Baro hanyar fitar da kaya ce zuwa Turai, ba hanyar mutane ba. Wa yake da ɗan'uwa a Burutu? Layin Legas kuwa kasuwa ce bayan kasuwa: Ilori, Offa, Oshogbo, Ibadan, Abeokuta, Agege, Iddo. Duk masu cin nama ne, duk masu son wake da albasa da kanwa da busasshen kifi. Taragon da ya gangaro da shanu ba ya komawa wayam, goro yake ɗauka. Kafin jirgi, goro sai ayari ya tafi Gwanja, madugu a gaba, jakuna a baya, a yi watanni kafin a dawo. Daga baya aka koma ɗauko shi ta teku daga gaɓar Gana ta yanzu zuwa Legas, jirgin ƙasa ya haura da shi. Sannan manoman Yarbawa na yankin Agege da Otta da Ifo da Shagamu suka ga ai shi ma yana yi a ƙasarsu, suka dasa. Goro kuwa ba gyaɗa ba ne da za a jibge a sito a jira damina. Ɗan lele ne: a jera shi a ganye, a ɗaure huhu, a kwance a duba, a tsince mai sankara kafin ya ɓata sauran. Kayan da ke son sauri irin wannan, da mai sayensa da mai ɗaurinsa da dillalinsa da fatoman da zai sauke baƙo, dole su tare kusa da tasha. Zangon Agege ke nan, unguwar Sabo ta Ibadan ke nan.

Kada a ce na ce jirgi ne ya fara kawo Bahaushe Ikko. Tun shekarun 1860 akwai Hausawa a nan har Gwamna Glover na Legas ya ɗebi dakarunsa daga cikinsu. Abin da jirgi ya yi shi ne ya mayar da tafiyar watanni ta 'yan kwanaki, har mutum ya iya zuwa cin rani ya koma kafin shuka.

Wasu rassan da aka yi daga baya ma sun ƙara wa Legas ƙarfi ne. Na Zariya zuwa Gusau da Kaura Namoda a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930, har da ɗan gajeren nan na Ifo zuwa Idogo a nan kusa da mu, shi ma 1930. Waɗannan ƙoramu ne da ke zuba a babban kogi, duk abin da suka kwaso gangar jikin layin ce ke amfana. Na Baro kuwa duk buhun da ya ɗauka ragi ne a kan abin da zai isa Apapa. Hukumar da ke da ƙarancin kan jirgi da taragu, in za ta zaɓi wanda za ta gyara da wanda za ta bari, ba sai an yi duba ba.

Duk da haka Baro ba ta mutu farat ɗaya ba. Ta ci gaba da karɓar wani kaso na gyaɗa shekaru da dama, kuma ta yi rana musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da amfanin gona ya fi ƙarfin reluwe. Dalar gyaɗar nan da muke tinƙaho da hotonta, in an bi ta ƙasa, alama ce ta jirgi ya kasa kwashewa. A irin wannan matsi kowace ƙofa mai amfani ce. Abin da ya biyo baya kuwa sananne ne. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirgar kogi, kamfanonin ba su farfaɗo da jiragensu yadda suke a da ba. Fari da cuta suka durƙusar da gyaɗa a shekarun 1970, kuɗin man fetur ya zuba a titunan mota, tirela ta gaji tarago. Hukumar jiragen ƙasa ta NRC, wadda aka kafa a 1955, ta kai ga ko babban layin ma da ƙyar take riƙe shi. In uwa na fama da kanta, wa zai tambayi reshe?

An sake tuno da Baro a zamaninmu. A 2009 Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yasar kogin daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya je ya buɗe sabuwar tashar jirgin ruwa a garin, wadda mai shayinmu ya ji a rediyo. Shekaru suka biyo baya ana ta rahoton tashar na zaune babu hada-hada, hanyar motar da ta taso daga Agaie ta bi ta Katcha ba a gama ta ba, layin dogon kuma a kwance. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka juya lissafin Girouard. Shi ya san gaɓar kogi ba ta da amfani sai da abin da zai kawo mata kaya, shi ya sa ya fara da ƙarfe. Mu muka gina bakin muka bar maƙogwaro. Kuma yasar kogi kamar yasar rijiya ce, ba a yi sau ɗaya a ce an gama. Kowace damina yashi dawowa yake. Tasha irin ta Baro tana son abu uku su haɗu a lokaci guda, ruwa mai zurfi da hanyar shigowa da ɗan kasuwar da ya yarda kayansa za su isa ran da aka ce, in ɗaya ya ɓace sauran biyun ado ne.

Sabon ƙarfen da ake shimfiɗawa ma Legas ya nufa. Layin Ibadan da aka buɗe a Yunin 2021, mai faɗin milimita 1,435, an ja masa reshe har cikin Apapa. Tsohon na milimita 1,067 ne, taragon wannan ba ya hawa wancan. Ko da an wayi gari an share layin Minna zuwa Baro an tayar da shi yadda yake, da tsohon layi kaɗai zai iya gaisawa. Matsalar da Girouard ya kauce wa a 1907 ita ce ke jiran duk wanda zai taɓa aikin yau.

Direban nan ya saurari duk wannan yana juya cokali a kofi. Ya ce shi dai abin da ya sani, ya sha kwana a layin shiga Apapa har ya manta ranar da ya zo, kuma tsakanin Jebba da Mokwa ya bar tayoyi sun fi a ƙirga. Ya juya ga dattijon ya ce, "To Baba, in tashar garinku ta tashi, ai mun huta da Legas ke nan?" Dattijon ya yi dariya ya ce shi da ya zo Ikko yana saurayi, a Badeggi ya hau jirgi, ya sauka Minna ya kwana a tasha ya jira na Kano mai gangarowa. Ya ce zuwansa gida na ƙarshe a kan babur ya bi gefen layin, ya ga itatuwa sun tsiro a tsakanin ƙarafan, wani har ya isa a sha inuwarsa.

Wayar direban ta yi ƙara, yaron motarsa ne, wai layi ya motsa. Ya miƙe ya ce wa mai shayi ya haɗa da na Baba, ya tsallaka titi yana neman ɗan acaɓan da zai fitar da shi babbar hanya.